Kafireton Fijon Kawu: Aikin da Muka Yi daga Hunturu zuwa Bazara

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka kawo motar Kawu daga Kalgo zuwa garejin Baba a nan Birnin Kebbi. Peugeot 504 ce salun, fara, harhaɗar Kaduna. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri a 1975, Kawu kuma ya sayi tasa sabuwa da bashin mota tun yana aiki a tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanke mana Kebbi a 1991. Ya danƙa min ita bisa sharaɗi biyu: kada a sayar, kada kuma a sa mata injin wata mota ta zamani.

Da ƙafarta ta zo, amma da ƙyar. Bari in rubuta abin da na gani tun ban manta ba. Da safe sai an ja cok an yi ta murza makulli kafin ta kama. In ta yi zafi silo ba ya zama, duk inda aka tsaya sai an riƙe ta da totur. Baƙin hayaƙi a salansa, ga warin ɗanyen fetur har cikin mota. In aka taka da ƙarfi sai ta cije kamar za ta mutu, sannan ta fizga. A miƙaƙƙen titi kuma ba ta da kuzarin da aka san 504 da shi. Shan mai kuwa, shi ya sa Kawu ya jingine ta tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin bonet magana ɗaya yake yi: a wanke kafireto a ɗaure silo. Baba, wanda ya koyi aiki a kan 404 da 504 tun yana saurayi, ya hana kowa ɗaukar sukudireba. Ya ce, "Malam, bari mu san ko wane na tukuna, kana mu taɓa shi."

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun sauke kafireto. Datti ya rufe jikinsa har ba a ganin rubutu, sai da yaran gareji suka jiƙa shi a kananzir suka bi shi da tsohon buroshi. Sunan Solex ya fito. Kamfanin Faransa ne, Maurice Goudard da Marcel Mennesson suka kafa shi a 1905, kuma mafi yawan Fijon wancan zamani da kafiretonsa suke fitowa. Sai dai Solex ya ƙera iri-iri masu yawan gaske, don haka sunan kamfani kaɗai bai kai ka ko'ina ba.

Abin dubawa shi ne lamba da haruffan da ke bin sunan. Lambar tana faɗin girman ramin ƙasa ne a milimita, inda faifan totur ke juyawa. In ka ga 34, ramin milimita 34 ne. In ka ga lamba biyu, kamar 32/35, to baki biyu gare shi: ƙaramin yana aiki kullum, babban ba ya buɗewa sai an taka sosai. A 504, injin lita 2 mai baki biyu aka saba sa masa, Solex 32/35 SEIEA ko Zenith 35/40 INAT. Injin 1.8 kuwa Solex 34 BICSA 3 ne nasa, mai baki ɗaya.

Namu baki ɗaya ne. Ɗan ƙarfen shaida da ake maƙalawa a sukurun murfi ya ɓace tuntuni, sai muka koma ga awo. Na sa baniya, wato ma'aunin faɗi, a ramin ƙasa, ta nuna milimita 32. Baba ko awon bai jira ba. Ya ɗaga kafireton ya leƙa ta baki ya ce, "Malam, wanga ba nata na ba. Ina faifan cok?" Babu shi kuwa. Shi 34 BICSA yana da faifai a saman baki da ke toshe iska in an ja cok. Wannan cok ɗinsa a gefe yake, wani zagayayyen faranti ne da ke juyawa ya buɗe wa mai wata hanya ta daban. Tsarin dangin PBIC ke nan. Da aka ƙara kankare jikin, sai ga rubutun ya bayyana: 32 PBICA. Na 404 ne, ta farkon shekarun 1960.

Na kira Kawu na ce, "Kawu, an taɓa sauya wa motar nan kafireto?" Ya yi shiru yana tunani, can ya ce ta taɓa lalace masa a hanyar Yawuri, aka ɗaura masa wani a bakin titi don ya isa gida, da niyyar in an gyara nata a mayar. Ba a koma ba. Shekara da shekaru ke nan kowane bakanike yana murɗa sukurun kafireton da ba na motar ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Tunda kafireton baƙo ne, dole a tabbatar da injin ma, domin a irin waɗannan motoci ba abin mamaki ba ne ka tarar da injin 404 a cikin 504. Ni da na fi son mu gane shi ba tare da an buɗe ba, amma awon matsin silinda ya yanke hukunci. Silindu biyu na gefe sun yi kyau, biyu na tsakiya duk sun yi ƙasa, kuma kusan daidai da juna. In maƙwabta biyu suka faɗi tare haka, gaskit ne ya ci a tsakaninsu. Wannan kaɗai ya isa ya hana silo zama ko da sabon kafireto fil aka ɗaura.

Muka cire kan inji. Ga wanda zai yi irin wannan aiki a gida, a nan akwai tarko. Injin 404 da na 504 silib ɗinsu, wato bututun da fistin ke gudu a ciki, ba a haɗe yake da bulo ba, zaunar da shi ake yi, ruwan lagireto na kewaye da shi. In ka juya injin kai a cire, fistin zai iya ɗaga silib ya karya hatimin ƙasa, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Baba ya danne su da manyan washa da bol kafin ya yarda a taɓa fuli.

Faɗin silinda ya ba mu milimita 84. Wannan ya fitar da injin lita 2, wanda nasa 88 ne. Amma bai raba gardama ba, don injin 404 mai cc 1618 da na 504 mai cc 1796 duk 84 ne faɗinsu. Bambancin yana tafiyar fistin: 73 a na 404, 81 a na 504. Muka sauke fistin ƙasa muka auna, muka hau da shi sama muka auna. Tazarar 81 ce. Injin nata ne, XM7, cc 1796. Alhamdu lillahi. An kai kan inji a duba ko ya lanƙwashe, a kuma zaunar da bawul.

Asabar, 7 ga Disamba

Kafin kan inji ya dawo, na zauna na wargaza tsohon kafireton don in fahimci abin da aka yi masa.

Aikin kafireto ba shi da wuyar ganewa. Fistin yana zuƙo iska, iskar ta bi ta wani matsattsen maƙogwaro a tsakiyar baki, ta ƙara gudu kamar yadda ruwan gulbi ke ƙara gudu inda gaɓa ta matse shi. Gudun nan shi ke rage matsin iska a wurin, ya jawo fetur daga tukunyar mai da ke jikin kafireto ta cikin babban jet, wato ɗan tagulla mai huji da ke auna mai. Fetur yana ƙonewa tsaf ne in aka ba kowane kilo ɗaya nasa iska kilo 14.7. Don ƙarfi ana ɗan ƙara mai, don tsimi ana ɗan ragewa, amma kewayen wannan lissafi ake yawo. Girman maƙogwaro, babban jet, jet ɗin iska da jet ɗin silo duk tare masana'anta ta zaɓe su don inji guda.

Lambar da ke jikin jet ɗin Solex faɗin hujinsa ce, a kashi ɗari na milimita. A babban jet ɗinmu an buga 140, wato milimita 1.40. Na ɗauko bakin dirila mai milimita 1.5 na gwada gindinsa a hujin, ya shige ya fita ba gardama. An faɗaɗa shi. Gefen hujin ma duk kaushi, alamar dirila ce ko waya.

Na gane abin da mai wannan aiki ya nufa. Ya ga mota ba ƙarfi, ya ɗauka mai ne bai isa ba. Amma iska ce ba ta isa ba, don an ba injin 1.8 maƙogwaron ƙaramin inji. Kuma faɗaɗa huji yana da lissafin da ido ba ya gani. Daga 1.40 zuwa 1.50 a ido ba komai ba ne, amma filin hujin ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari, domin fili yana bin faɗi sau faɗi ne. Ga baƙin hayaƙi, ga shan mai, ga fetur yana wanke baƙin mai daga jikin silinda yana cinye zobe. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne lambar 140 tana nan daram a jikin jet ɗin, duk wanda ya zo daga baya sai ya karanta ya gaskata. Ina roƙon kanikawanmu, in dole ta sa kun huda jet, ku goge lambar.

An ba ni shawarwari. Wani ya ce in sayi sabo na kwali da ake kawowa yanzu. Na duba guda a shago, simintinsa ba laifi, amma jet ɗinsa babu lamba ko ɗaya, ban kuwa son in sake komawa cikin duhu. Wani ya ce in sa Weber 32/36 mai baki biyu. Kafireto ne mai kyau, sai dai sai an ƙera masa mazauni, an sauya wayar totur da iyakilina, wato matatar iska, sannan a fara laluben jet daga farko. Na zaɓi in nemo nata na asali.

Asabar, 21 ga Disamba

An samu. Na sa cigiya a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, amma ta kusa ya ɓullo. Wani direba da ke zirga-zirga tsakanin Kamba da Gaya ta Nijar ya san inda wata 504 a-kori-kura ta mutu, gindinta ya ruɓe, injinta 1.8 yana nan. Na nace a ciro daga 504 ɗin a gaban idonsa, domin 404 ta baya-baya ma ta yi amfani da 34 BICSA, kuma suna ɗaya ba ya nufin jet ɗaya. Ya iso a buhun siminti, da iyakilinarsa mai wankan mai. Rami milimita 34, faifan cok na nan, kawunan jet ba tabon sukudireba.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wankin kafireto a wurin mutane da yawa shi ne a cire murfi, a watsa fetur, a hura da baki. Mu mun warware shi ne gaba ɗaya, kowane ƙarfe a kan farin kwali bisa jerin da ya fito. An jiƙa gangar jikin ta kwana, aka bi kowace hanya da iskar kwamfuresa. Ba waya, ba allura. Jet tagulla ne, ɗan karce kaɗan ya sauya shi. Bututu mai huji-huji da ke ƙarƙashin jet ɗin iska, wanda ke gauraya mai da iska kafin su fita, rabin hujinsa a toshe yake da busasshen fetur.

Fulot, wato abin da ke iyo a saman mai a tukunya, na girgiza shi a kunne ban ji motsin mai a ciki ba, na nutsa shi a ruwan zafi bai fitar da kumfa ba. Lafiyarsa lau. Allurar fulot kuwa ta ci, ta yi zobe a baki, an sauya ta. A irin wannan Solex, kaurin washar da ke ƙarƙashin gidan allura shi ke yanke inda mai zai tsaya a tukunya. In washa ta yi siriri mai ya hau sama, kafireto ya riƙa ɗigo cikin baki ko a silo. In ta yi kauri mai ya yi ƙasa, mota ta riƙa yunwa a gudu. Mun auna tsohuwar muka sa mai kaurinta daidai. Na sha ganin an watsar da washar nan ko an ninka biyu don tsayar da yoyo, ba a san an sauya lissafin kafireton gaba ɗaya ba.

Robar famfon totur ta bushe ta tsage. Ita ke fesa ɗan mai a daidai lokacin da ka taka, domin iska ta fi fetur saurin tashi, in babu feshin sai inji ya cije. An sa sabuwa.

Gindin kafireton na ɗora a kan gilashi na ga haske yana wucewa ta tsakiya. Ɗaure noti fiye da kima ke jawo haka, kunnuwa su lanƙwasa ƙasa, tsakiya ya ɗaga. Na shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin na yi ta gogawa a hankali har ya kwanta.

Saura matsala ɗaya, babba. Sandar faifan totur tana wasa a raminta, ana jin ƙwas-ƙwas in an girgiza. Ta nan iska ke satar hanya ta shiga ba tare da an lissafa da ita ba, kuma kullum adadinta sauyawa yake, gwargwadon inda sandar ta kwanta. Silo ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Mai injin feƙe ƙarfe ya dasa bushin tagulla a ramukan biyu. Sanda tana juyawa sumul, ba wasa. Da aka mayar da faifai na ɗaga shi ga rana a rufe, haske siriri ne daidai ta ko'ina. An daddaƙe ƙarshen sukurorin faifan don kada su kwance inji ya haɗiye. Kan inji ma ya dawo, ya hau da sabon gaskit.

Asabar, 25 ga Janairu

Na ƙagu a ɗaura kafireto a tayar. Baba ya ce, "Kak ka yi gaugawa, Malam. Bawul da wuta su ag gaba." Gaskiya tasa. Kafireto ba ya ganin komai sai zuƙar da inji ya yi masa. In zuƙar ba daidai take ba, ko wutar ta makara, duk abin da ka ɗaure a sukuru kana rufe wani ciwo ne da wani.

Injin ya kwana a sanyaye, muka sa bawul: milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Kwantak, mai yanke wuta a cikin distirbuta, sabo, tazara 0.40. Fulogi sababbi, tazara 0.6. Fulogin 504 a can ƙasan dogayen bututu suke, sai da doguwar sifana, kuma a tsane man da ya taru a bututun kafin a cire tsoho. Faransawa daga wajen kuloci suke fara ƙirga silinda, ta 1 ita ce ta kusa da direba, a kiyaye wannan wajen jera wayoyi. Jerin wuta 1-3-4-2.

A jikin distirbuta akwai ɗan gwangwani mai roba a ciki, wanda tiyo ke haɗa shi da kafireto, aikinsa ya matsar da wuta gaba in ana tafiya da ƙaramin totur. Na tsotsi tiyon, iska ta yi ta zuwa ba iyaka. Robar ta fashe. Hasara biyu ke nan a wuri ɗaya: wuta ba ta matsawa, mai yana tafiya a banza, ga kuma ƙofar satar iska. An samo wani. Nauye-nauyen cikin distirbuta su ma sun cije da tsatsa, aka warware su aka ɗiga mai.

Tanki mun sauke mun wanke, jan laka ya fito da yawa. Man bumburutu da ake saye a galan a bakin hanya ba ya rasa ƙasa da ruwa. An sa matatar mai sabuwa kafin famfo. Wani ya taɓa ɗaura mata famfon lantarki, na cire na mayar da na inji. Allurar fulot matsi kaɗan take iya tarewa, wajen kashi biyu zuwa uku cikin goma na ba ɗaya (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Famfon motar injekta yana kai ba uku, ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau ta tashi. Da sanyin safiya, hazo ya rufe gari, na ja cok na murza makulli, da mai ya cika tukunya sai ta kama. Muka bar ta ta yi zafi sosai, cok ya koma ciki gaba ɗaya, iyakilina a ɗaure. Ɗaure silo a inji mai sanyi ko ba iyakilina aikin banza ne, da an fita titi zai sauya.

Taimin, wato lokacin tashin wuta, muka fara sawa da fitila, tiyon gwangwani a cire a toshe, a kan alamar fuli. Sannan muka zo kan sukurori biyun da kowa ke gaggawar taɓawa. Ɗaya yana tokare faifan totur, shi ke sa gudun silo. Ɗayan mai tsini ne a gindin kafireto, shi ke auna yawan gaurayen mai da ke fita ta hujin silo. A wannan Solex, in ka kwance shi mai ya ƙaru, in ka ɗaure ya ragu. Tun a kan tebur na shigar da shi a hankali har ya taɓa, na dawo da shi zagaye biyu. Ba a matse shi, tsininsa na lalacewa ya ɓata mazauninsa har abada.

Muka haɗa agogon juyi da agogon zuƙar iska. Na kwance sukurun mai kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye, ina jira tsakani don inji ya amsa. Juyi ya hau, ya tsaya, sannan ya fara sauka da wani irin gurnani mai nauyi. Mai ya yi yawa ke nan. Na koma ciki har ya wuce ƙololuwa ya fara rawa yana tsallake bugu. Ya yi kaɗan ke nan. Wurin zama yana tsakani, inda juyi ya fi tsawo. Da na same shi silo ya haura, sai na sauke shi da sukurun faifai, na sake bin sukurun mai, haka har suka daidaita a wajen juyi 850 a minti. Allurar agogon zuƙa ta tsaya cak a inci 19. Lafiyayyen inji tsakanin 17 da 21 yake nunawa, kuma tsayuwar allurar ta fi lambar muhimmanci.

Akwai abin da na so kowane mai koyo ya gani da idonsa. A bangon rami, dab da bakin faifai, akwai wasu ƙananan huji da ke ba da mai a daidai lokacin da faifai ya fara buɗewa, kafin babban jet ya karɓi aiki. In taimin ya makara ko iska na sata, inji ba ya iya silo, sai bakanike ya ɗaure sukurun faifai don ya riƙe ta. Faifai ya buɗe ya wuce hujin nan, mota ta koma shan mai ta can. Daga nan sai ka murɗa sukurun mai har ƙarshe ba abin da zai sauya, a ce kafireto ya mutu. Haka tsohon yake. A wannan kuwa rubu'in zagaye ma ana jin sa a kunne.

Na bi gindin kafireto da bakin sanda da ɗan feshin fetur, a hankali, abin kashe gobara a kusa. Juyi bai motsa ba. Babu sata.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwajin titi, hanyar Argungu. Cijewar nan ta tafi. Kafin mu fita na leƙa baki injin a kashe, na ja totur, feshin famfo ya fito siriri a miƙe ya faɗa cikin rami bai bugi bango ba. A giya ta huɗu tana ja daga ƙaramin gudu ba tari, ba ƙarar ƙwanƙwasa. In an saki totur babu harbi a salansa.

Don sanin halin babban jet, ba a duba fulogi bayan mota ta daɗe a silo, silo zai shafe shaidar. Na riƙe ta a gudu ɗaya na tsawon tafiya, na taka kuloci na kashe inji lokaci guda, na gangara gefe. A kula, makulli baya ɗaya kawai, kada sitiyari ya kulle. Muka jira ta huce muka cire. Dukansu ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske, a bushe. Baƙi mai gari yana nufin mai ya yi yawa, fari fat mai ƙyalli yana nufin ya yi kaɗan, wanda ya fi haɗari don yana ƙona bawul. Fetur na yanzu da babu dalma ba ya rina fulogi kamar na da, don haka haske kaɗan ba abin tsoro ba ne. Jet ɗin masana'anta sun zauna, ba abin da za mu sauya.

Awon mai na yi shi yadda ya kamata: a cika tanki har baki, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a koma famfo ɗaya a sake cikawa. Allurar dashbod ba abin dogaro ba ce. Ta ba ni kusan kilomita 10 a lita. Da tsohon kafireto Kawu ya ce da ƙyar take haura 6.

Ƙurar hunturu ta riga ta yi laka a kwanon iyakilina. Na wanke na zuba sabon mai daidai layin da aka zana. In ya wuce layi yana shaƙe iska, har inji ya riƙa zuƙar man.

Asabar, 12 ga Afrilu

Azumi ya sa na ɗan ajiye rubutu, motar kuwa tana ta aiki. Bayan salla zafi ya kankama, sai ga sabon hali. Da safe murɗa ɗaya take tashi. Amma in na yi tafiya da rana na kashe ta na shiga masallaci, in na fito sai ta yi ta juyi ba ta kama ba, ga warin fetur.

Baba ya buɗe iyakilina jim kaɗan bayan an kashe ta, ya ce in leƙa. Mai yana tsattsafowa cikin baki, tururi na tashi. In inji ya tsaya, fanka ta tsaya, zafin da ke jikin ƙarfe sai ya hau sama ya dafa tukunyar mai. Fetur ba ruwa ɗaya ba ne, akwai sassansa masu sauƙi da ke fara tafasa tun wajen digiri 40, mu kuwa a Afrilu inuwa ma tana haura hakan. Man ya kumbura ya malala cikin inji, ya jiƙa shi.

Tsakanin kafireto da mazauninsa ya kamata a sami wani kauri mai hana zafi wucewa, da gaskit sama da ƙasa. Da muka karɓi motar babu shi, gaskit ɗaya ce kawai, ga alama ya tafi tare da kafireton asali a hanyar Yawuri. Direban Kamba ya koma ya ciro na a-kori-kurar. Tiyon mai kuma mun ɗaga shi daga jikin inji muka sa masa riga. Abin ya ragu ƙwarai. Sauran kuma dabarar ƙafa ce: in ta yi zafi, a taka totur rabi a riƙe shi a wurin, a murza makulli. Kada a yi ta famfa shi, kowane taku ƙarin mai famfon totur ke fesawa a injin da ya riga ya jiƙe.

Silo ma ya ɗan yi nauyi. Iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 20 sauƙi da kusan kashi 7 cikin ɗari, kafireto kuwa bai san an shiga bazara ba. Gaurayen yana ƙara mai da wajen rabin wannan adadi. Bai kai a sauya jet ba. Na shigar da sukurun mai kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ta koma daidai.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na rubuta komai a kati na sa a leda a cikin akwatin dashbod: irin inji, irin kafireto, lambar kowane jet, kaurin washar allura, tazarar bawul, kwantak da fulogi, da zagayen sukurun mai na hunturu da na bazara. Duk bakaniken da motar ta faɗa hannunsa a wata hanya, ya karanta kafin ya ɗauki dirila.

Kawu ya tuƙa ta da kansa jiya zuwa Juma'a. Ya dawo ya ce ja ya yi, amma birki yana da tauri. Na duba, tiyon da ke kai zuƙa ga bustar birki ya fara tsagewa a baki, wanda in an bar shi zai koma satar iska ya ɓata silon da muka sha wuya a kai. Na yanke bakin na ɗaure da kilif na wucin gadi, na aika a sayo sabo daga Sakkwato. Buhun kayan gyaran kafireto na ajiya, roba da allura da gaskit, shi ma yana hanya. Da ruwan farko ya sauka zan sake duba fulogi da silo, sannan mu koma kan birki da ƙafafun gaba.